Adana Rubutaccen Umarni a Aikin Alƙaluma

Shirin na yau ya leƙa wurin masu aiki da alƙaluma ne, mutanen nan da ke wuni gaban kwamfuta suna tattara lambobi, suna tacewa, suna fitar da rahoton da gwamnati ko asibiti ko kamfani zai dogara da shi. Maganar kuwa a kan wata ɗabi'a ce da ake yawan rainawa: mutum ya rubuta matakan aikinsa a matsayin umarnin da kwamfuta za ta bi, sannan ya adana rubutun saboda gobe. Za a fara da labarin wani ɗalibi.

A ƙarshen shekarar 2012, Thomas Herndon yana karatun digirin digirgir a fannin tattalin arziki a Jami'ar Massachusetts da ke garin Amherst a Amurka. Malamai suka ba 'yan ajinsu aiki: kowa ya zaɓi wata maƙala da masana suka wallafa, ya sake lissafin da hannunsa, ya ga ko zai sami abin da suka samu. Herndon bai zaɓi ƙarama ba. Ya ɗauko maƙalar da Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka fitar a 2010, wadda ta ce idan bashin da ke kan ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, to bunƙasar arzikinta kan durƙushe. A lissafinsu, matsakaicin bunƙasar irin waɗannan ƙasashe ya faɗi ƙasa da sifili da ɗigo ɗaya. Wannan adadi ya yi tashe ƙwarai a lokacin. 'Yan siyasa a Amurka da Turai sun riƙa kafa hujja da shi wajen kare manufar tsuke bakin aljihu, wadda ta taɓa albashi da tallafi da ayyukan miliyoyin mutane.

Herndon ya yi wata da watanni yana lissafi, amsa ta ƙi fitowa daidai da tasu. Da farko kansa ya zarga, kamar yadda kowane ɗalibi zai yi idan ya ga lissafinsa ya saɓa wa na manya. Daga baya ya rubuta musu, su kuma suka aiko masa da ainihin jadawalin Excel da suka yi aikin a ciki. A nan ya ga abin da ido ya tsallake shekara uku. Ƙasashe 20 ne a jeren, amma wanda ya ja linzamin kwamfuta don fitar da matsakaici ya tsaya a kan 15. Ostareliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak duk sun faɗo waje. A watan Afrilun 2013, Herndon da malamansa biyu, Michael Ash da Robert Pollin, suka wallafa nasu lissafin. Da suka mayar da ƙasashen nan biyar, suka shigar da wasu shekarun da aka bari, suka kuma sauya yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, sai adadin ya koma kashi 2.2 sama da sifili. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawalin, ko da yake sun yi jayayya a kan sauran batutuwan. Abin lura ga shirin nan shi ne, Herndon da malamansa sun saki nasu aikin tare da umarnin da suka rubuta a manhajar R, yadda duk mai shakka zai iya saukewa ya gwada da kansa.

To mene ne wannan rubutaccen umarni? Masu sana'ar suna ce masa sikirif. Fayil ne na rubutu zalla, wanda kowane layi a cikinsa aiki ɗaya yake sa kwamfuta. Layin farko ya ce a buɗe fayil kaza. Na biyu ya ce a cire duk sunan da ya fito sau biyu. Na uku ya ce duk inda aka rubuta shekarun mutum sun haura 120 a ware shi gefe a duba. Na huɗu ya fitar da matsakaici, na biyar ya zana hoto ya ajiye. Mai danna linzami ma waɗannan matakai yake bi, sai dai da ya rufe kwamfuta sawunsa ya ɓace. Wanda ya rubuta kuwa, sawunsa na nan baƙi a kan fari. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu buga bulo ya san bambancin. Mai bugu ba ya sake auna tsawo da faɗi a kan kowane bulo, ya riga ya mallaki ma'auninsa na ƙarfe, zuba ƙasa kawai yake yi ya kife, na safe da na yamma su fito girma ɗaya.

A ɗauki misalin jami'in da ke haɗa rahoton wata-wata na asibitoci a jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44. Ma'aikatun lafiya a Najeriya da Nijar suna tattara irin waɗannan alƙaluma a manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, amma kullum akwai wasu jadawalai da ke zuwa ta gefe, daga masu rigakafi ko masu rabon gidan sauro. Jami'in ya buɗe su. Wani ya rubuta Dawakin Tofa, wani ya rubuta D/Tofa, wani ya sa ɗan layi a tsakiya. Tudun Wada ta koma T/Wada. Nasarawa ta zo da harafin s ɗaya a wannan fayil, biyu a wancan. Sunan da ke da ƙa ko ɗa mai lanƙwasa ya rikiɗe ya zama alamar tambaya. Wani ya fara kwanan wata da rana, wani ya fara da wata, ga shi babu mai iya rantsuwa ko 03/04 uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris. Ita kwamfuta kowane salon rubutu gari dabam take ɗaukarsa, don haka jihar mai ƙananan hukumomi 44 sai ta tashi da hamsin da wani abu. Bawan Allah ya zauna yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya, wuni guda, wani lokaci biyu, ga zafi, ga batirin kwamfuta na ƙarewa. Ya gama, ya miƙa wa maigidansa. Bayan kwana talatin sabbin fayiloli su iso da irin kurakuran nan dai, domin hannuwan da suka yi na jiya su ne suka yi na yau.

Da a watan farko ya daure ya rubuta gyare-gyaren nan a matsayin umarni, wahalar wannan wata za ta fi ta kullum, wannan gaskiya ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya. Amma a wata na biyu aikinsa bai wuce ya nuna wa umarnin sabon fayil ya danna maɓalli ba. Idan wani sabon salon rubuta Dawakin Tofa ya ɓullo, layi ɗaya zai ƙara, kuma ya ƙara ke nan har abada. Lokacin da ya rage masa sai ya tafi wurin tambayar da aka ɗauke shi aiki dominta: me ya sa zuwa awon ciki ya ragu a wannan mazaɓa, me ya sa zazzaɓi ya ƙaru a waccan?

Sauƙin aiki shi ne amfanin da kowa ke fara gani, amma akwai wanda ya fi shi nauyi. Ranar da kwamishina ya tambaya me ya sa adadin watan Yuni ya saɓa wa wanda aka ba shi a baya, mai danna linzami sai dai ya yi ta sosa ƙeya yana ƙoƙarin tuna abin da ya goge. Mai rubutaccen umarni zai buɗe fayil ya nuna layin da ya cire asibitoci uku saboda sun aiko da rahoto sau biyu. Idan ya yi daidai, an gani. Idan ya yi kuskure, an gani, an gyara, an sake kunnawa, komai ya daidaita cikin minti kaɗan. Alƙaluman lafiya amana ce, da su ake yanke yawan allurar da za a kai wani ƙauye, saboda haka wanda aka damƙa wa su ya kamata ya iya nuna hanyar da ya bi.

Ga kuma batun tafiyar ma'aikata. A ofisoshi da yawa, wanda ya fi kowa iya kwamfuta ɗan bautar ƙasa ne da zai yi shekara guda ya wuce, ko ma'aikacin da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe. Idan dabarar na cikin kansa kawai, tare za su tafi.

Masu binciken ƙwayoyin gado sun ɗanɗana wata irin matsala da ke nuna haɗarin barin manhaja ta yi wa mutum gyara a ɓoye. Akwai ƙwayoyin gado da a da ake kira SEPT2 da MARCH1. Idan aka buɗe jerinsu a Excel ba tare da an kiyaye ba, sai manhajar ta zaci kwanan wata ne, ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. A 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa a Ostareliya suka duba dubban maƙalu, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka haɗa da irin wannan jadawali suna ɗauke da wannan ɓarna. Abin ya kai ga a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen wasu, MARCH1 ta koma MARCHF1. A cikin rubutaccen umarni, mutum na iya faɗa wa kwamfuta tun daga layin farko cewa wannan jere suna ne, kada a taɓa shi.

Kayan aikin kuwa ba su da wuyar samu, kuma manyansu kyauta ne. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara R a Jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990. Guido van Rossum ya saki Python a 1991, sannan a 2008 Wes McKinney ya fara gina pandas a kanta, lokacin yana aiki a wani kamfanin zuba jari, don sarrafa jadawalin alƙaluma. Kuma ba dole sai mutum ya koyi waɗannan ba kafin ya fara. Ɗaliban jami'o'inmu da ke aikin kammala karatu da manhajar SPSS, mafi yawansu sun sha ganin wani maɓalli mai suna Paste a gefen OK ba su taɓa danna shi ba. Aikinsa shi ne ya rubuta wa mutum umarnin abin da ya zaɓa da linzami a wani shafi na dabam, wanda zai iya adanawa. Stata ma tana da irin wannan fayil, do-file ake kiransa. Ɗalibar da ta adana shi, ranar da malaminta ya ce ta cire waɗanda ba su kai shekara 18 ba ta sake dukkan jadawalan babi na huɗu, ba za ta kwana tana kuka ba.

Akwai wani misali da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Binciken nan na yawan jama'a da lafiya da ake kira DHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a shekaru irin su 2008 da 2013 da 2018, an tsara shi ne yadda yawancin tambayoyi ke da lamba ɗaya a ko'ina. A fayil ɗin mata, v012 shekarun mace ne, v106 matakin karatunta, v025 kuma ko a birni take ko a karkara. Haka yake a na Najeriya, haka yake a na Nijar na 2006 da 2012, haka a na Gana da Kamaru. Don haka umarnin da mai bincike a Zariya ya rubuta don auna alaƙar karatun uwa da rigakafin yaro a bayanan 2013, da ɗan gyara kaɗan zai yi aiki a kan na 2018, inda aka zanta da mata sama da 41,000, kuma abokinsa a Maraɗi zai iya ara ya ɗora a kan na ƙasarsa. Akwai ma wani tarko da ke kama sababbin shiga: kafin a fitar da kowane kaso, sai an raba v005, wato nauyin da aka ba kowace amsa, da 1,000,000 an yi aiki da shi, in ba haka ba jihohin da aka ɗebi mutane da yawa a cikinsu za su rinjayi lissafin. Mai aiki da ka yana iya mantawa yau ya tuna gobe. Wanda ya rubuta shi a saman fayil ɗinsa ya huta da wannan fargaba. Masu shirin DHS da kansu sun ɗora umarnin lissafa alƙalumansu a dandalin GitHub, da Stata da SPSS da R, kowa ya ɗauka kyauta.

'Yan jarida ma sun shiga. A farkon 2019, sashen alƙaluma na BBC ya saki wani ƙunshin umarni mai suna bbplot. Maimakon kowane ɗan jarida ya zauna yana zaɓar launi da girman rubutu a kan kowane zane, an rubuta salon gidan sau ɗaya, layi guda ke kiran sa. A ɓangaren annoba kuwa, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta haɗa kai da masana wajen shirya samfurin rahoto a R don cututtuka irin su kwalara da ƙyanda da sanƙarau. Hikimar a fili take ga duk wanda ya ga yadda sanƙarau ke shigowa da zafin bazara: ranar da cuta ta ɓarke ba ranar zaman koyon lissafi ba ce, gara a tarar da kayan aiki a shirye.

Sai dai shirin nan ba zai ɓoye ɗaya gefen ba. Umarnin da ke maimaita daidai sau dubu, haka zai maimaita kuskure sau dubu. A 2019, wani ɗalibi a Jami'ar Hawaii, Yuheng Luo, yana aiki da wani umarnin Python da masana ilimin sinadarai suka wallafa tun 2014, sai ya lura amsarsa ta saɓa wa ta abokan aikinsa alhali bayanansu ɗaya. Da aka bi diddigi, sai aka gano umarnin ya dogara ne da yadda kwamfuta ke jera fayiloli, ga shi kuwa jerin Windows da na Mac da na Linux ba lallai su zo ɗaya ba. Maƙalu da dama sun riga sun yi amfani da shi. An gano matsalar ne saboda umarnin a rubuce yake, kowa na iya karantawa, kuma gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Amma shekara biyar ya yi yana yawo kafin nan.

Ingila ma ta ga nata a lokacin korona. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ya ɓace daga rahoton hukumar lafiya. Dalili shi ne tsarin da ke kwasar sakamako daga ɗakunan gwaji yana zuba shi a tsohon samfurin Excel, wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sauran sai su zube ba tare da wata ƙara ba. Dubban mutanen da suka yi hulɗa da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. Umarni mai kyau yakan ƙirga abin da ya shigo, ya ƙirga abin da ya fita, idan ba su zo ɗaya ba ya tsaya ya yi ƙorafi. Layi biyu ko uku ne, kuma su ne suka fi cancantar a fara rubutawa.

Shi adanawar ma yana da ladabinsa. Wasu masu bincike sun tattaro umarnin R dubbai da masana suka ajiye a rumbun Dataverse na Jami'ar Harvard, suka gwada kunna su, a sakamakon da suka wallafa a 2022 kashi 74 cikin 100 sun ƙi tashi a gwajin farko. Yawancin dalilan ƙanana ne: mutum ya rubuta adireshin wata jaka da ke cikin kwamfutarsa shi kaɗai, ko ya yi aiki da wani ƙunshi bai ambace shi ba. Saboda haka ƙwararru ke cewa a bar ainihin bayanan da aka karɓo yadda suke, kada a taɓa su, duk gyara ya faru a cikin umarni. A sa wa fayil sunan da ke faɗin aikinsa, domin "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske", da "na ƙarshe 2" babu abin da za su gaya wa mutum bayan wata shida. A riƙa barin ɗan bayani a gefen layi, kuma da Hausa ma ya yi, tunda kwamfuta ba ta karanta wannan ɓangaren: an cire asibitin kaza saboda an rufe shi a watan Mayu. Wanda zai fi kowa cin moriyar wannan bayani shi ne marubucin da kansa, ranar da ya dawo ya manta komai. Ga wanda ya yi nisa, akwai Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana riƙe tarihin kowane sauyi da ranar da aka yi shi. Wanda bai kai nan ba, ya ajiye kwafi biyu a wurare biyu, domin filas na ɓata, kwamfuta na mutuwa, ɓarawo ma na ɗauka.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: umarni ake rabawa, ba sirrin mutane ba. Sunan majiyyaci, lambar wayarsa, sakamakon gwajinsa, da kalmar sirrin shiga rumbun ofis, babu ɗayansu da ya kamata ya shiga fayil ɗin da za a ɗora a intanet ko a tura wa aboki ta WhatsApp.

Kiran shirin na yau ga mutum uku ne. Malamin jami'a da ke duba aikin ɗalibi, ya nemi a kawo masa fayil ɗin umarni tare da kundin, ya kunna shi a gaban ɗalibin ya ga ko jadawalan za su fito. Shugaban ofis ya ba ma'aikacinsa sararin kwana biyu ko uku ya rubuta aikin da yake maimaitawa kowane wata, kuma ya tabbata an bar kwafi a ofis kafin kowa ya tafi. Kai kuma mai sauraro da ke da rahoton da zai sake dawowa ƙarshen watan nan, zaɓi mataki ɗaya tak, wanda ya fi cin ranka, ka rubuta shi a wannan makon, ka sa masa suna da kwanan wata, ka adana.